Labbo Ya Daina Gaisuwa

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina. Tun da hantsi hadari ya haɗo a gabashin Gusau, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Ya bar gari da zufa da ƙudaje. A ranar ce Hajiya Saude ta aika a kira mata Labbo.

Labbo direba ne, kuma a-kori-kurar da yake ja ta Hajiya ce. An ce motar fara ce a da. Aikinsa shi ne ya kwashi kayan 'yan tireda daga kasuwar Gusau ya kai musu ƙauyuka, yau ta wajen Tsafe, gobe ta wajen Bungudu, ya komo da hatsi ko awaki ko duk abin da ya samu. Sawu ɗaya yake yi a yini, kuma shi a ganinsa ba wanda ya kai shi wahala a duk tashar.

Ya tarar da Hajiya a kan tabarma tana ninke atamfofi. Ta tambaye shi kwana, ta tambaye shi gajiya, ta tambayi matarsa Mansura, ta tambayi ciwon bayan tsohonsa. Sai da ta ƙare duk wannan sannan ta ajiye atamfar da ke hannunta.

"Labbo, motar ga kai ɗai take ciyarwa. Ni da nis saye ta sai kallo nike."

"Hajiya, hanya ce ba kyau."

"Hanyar ga da kake bi ita kowa ke bi. Bashiru ɗan ƙanwata ya koyi tuƙi, yana nan zaune yana cinye min tuwo. In damina ta wuce ban ga canji ba, makulli ya koma hannunai."

Labbo ya fito yana huci. Bashiru! Yaron da ya koyi tuƙi a filin makaranta yana zagaya tsohuwar taya, wanda in ya ga akuya a titi sai ya kashe mota ya jira ta gama tunani. Wai shi za a ba makulli. Duk da haka Labbo ya san Hajiya ba ta maimaita magana, kuma ya san ban da motar nan ba shi da wata sana'a.

Ya koma tasha ya zauna a inuwar motar yana latsa waya don ya huce. A nan, cikin wani bidiyo a wayar, ya ci karo da mutumin. Wani ne mai kwat da tabarau, yana zaune a ofis mai sanyi, ga ƙaton agogo a bango bayansa. Da ganin fatarsa ka san rana ba ta taɓa dukansa ba. Yana magana yana sara iska da hannu. Ya ce yinin attajiri da na matsiyaci tsawonsu ɗaya, bambancin kawai shi ne matsiyaci yana da ɓarawon da ke sace masa lokaci, kuma shi da kansa yake buɗe masa ƙofa. Ya ce, "Ka nemo ɓarawon lokacinka, ka kore shi yau, kada ka bari sai gobe."

Labbo ya ɗaga kai, sai idonsa ya faɗa kan Malam Tambaya, ɗan kamashon tashar, dattijo mai furfura da jan goro a haƙora. Malam Tambaya ya riƙe hannun wani baƙo, ya ƙi saki.

"Ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali? Ya yara? Ya ruwa wajenku? Ya mai jiki? To madalla. Ina gajiya?"

Ya sake komawa farko ke nan. A bayansu mota ta cika, fasinja na ta fifita da hula, direba ya jingina da ƙofa yana jiran a sallame shi. Labbo ya dubi wayar, ya dubi Malam Tambaya, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ga ɓarawon nan tsaye da rana tsaka, har da carbi a hannu.

Ya shiga tuna yininsa. Ya gaida mai shayi, ya gaida mai mai, ya gaida kowane ɗan tireda da ubansa da kakansa. In ya haɗu da wani direba a hanyar burji sai su tsaya taga da taga, injin na cin mai, suna tambayar juna lafiyar 'ya'yan da ba su taɓa gani ba. Kuma duk amsar ɗaya ce: lafiya lau. Mutum na tafe da zazzaɓi, lafiya lau. An sace masa saniya, lafiya lau. Tambayar da ka riga ka san amsarta, me ya kai ka yin ta sau goma?

Tun daga washegari ya kafa wa kansa doka. Gaisuwa ɗaya ce, kalma ɗaya. Ya ƙara da wasu abubuwan da mai kwat ya koyar: ya sha mai tun da yamma, ya yi lodi tun da yamma ya rufe da tamfol, ya ci abinci a kan sitiyari, kuma in yana cikin aiki ba ya ɗaukar waya, ko waye.

Abin haushin shi ne dabarar ta ci. Kafin mako ya zagayo Labbo ya fara sawu biyu. Ya kai kaya Tsafe da safe, ya komo, ya kai wasu Bungudu kafin la'asar. 'Yan tireda suka fara nemansa da suna, don kayansu na isa rana ba ta yi zafi ba. Hajiya Saude, wadda a da in ta gan shi take ɗaure fuska, har fura ta sa aka dama masa. Aka daina jin sunan Bashiru.

Nan fa kan Labbo ya kumbura. Ya zama ba ya iya kallon mutum biyu suna gaisawa sai ya yi tsaki. Ya riƙa yi wa direbobi wa'azi ta tagar mota, yana wucewa, don tsayawa ɓata lokaci ne.

"Ku zauna nan kuna ina-gajiya har talauci shi kashe ku!"

Su kuma suka sa masa suna Agogo. In ya shigo tasha sai wani ya ɗaga murya, "Ku kauce, ga Agogo nan, kada ku ɓata mishi daƙiƙa!" Wani ya ce, "Agogo, in ka mutu a yi maka salla ko a wuce da kai kai tsaye?" Labbo bai damu ba. A wajensa duk hassada ce ta mutanen da za su mutu a kan bencin mai shayi.

Har gida dokar ta bi shi. Mansura ta durƙusa da safe ta ce ina kwana, ya ce "Lahiya" yana sa takalmi. Ta ce tana da magana, ya ce ta faɗa a taƙaice. Ita kuwa ba ta iya soma magana daga tsakiya ba, sai ta tashi ta sa roba a inda ɗaki ke yoyo.

Akwai abin da mai kwat bai faɗa ba, don bai san shi ba, kuma Labbo ya san shi tun yana yaro amma ya raina shi. Mutanen nan ba sa jefa wa mutum mugun labari a fuska. Ko gawa ce kwance a ɗaki, in ka yi sallama ka ce ina kwana, lafiya lau za a ce maka. Sai an gama kwana da gajiya da iyali, an ɗan yi shiru, sannan mutum ya gyara murya ya ce, "Sai dai fa..." Duk abin da ke da amfani a bayan wannan sai-dai ɗin yake. Labbo ya yanke gaisuwa daga kalmar farko, ya yi makonni bai ji sai-dai ko ɗaya ba, har ya ɗauka duniya ce ta gyaru.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru gari ya waye tas. Gusau ba ta ga ruwa ba, ko da yake an kwana ana walƙiya can yamma. Labbo ya ƙudura a ransa yau sawu uku zai yi, abin da ba a taɓa yi ba a tashar, don ya rufe bakin kowa, ya binne maganar Bashiru gaba ɗaya. Sawun farko na Tungar Yakubu ne, wani ƙauye a bayan Bungudu. Motar ta sha lodi har ta durƙusa: takin zamani na manoma, sukari da gishiri da taliya na 'yan tireda, da sabon keken ɗinki na wata tela a ƙauyen, Zainabu, an ɗaure shi a sama.

Yana tayar da mota Malam Tambaya ya taho da sauri, abin da ba a saba gani ba, yana riƙe da bakin riga.

"Labbo, ina kwana?"

"Lahiya."

"Ina gajiya? An ce Tunga ka nuhwa."

"Malam, in da magana ka hwaɗa a taƙaice."

Dattijon ya tsaya, ransa ya sosu. Shekarunsa sun wuce a ce masa a taƙaice.

"Haba yaro, ai sai a gaisa tukuna. Ya iyali?"

"Suna gaishe ka," in ji Labbo, ya saki kuloci. Ya bar Malam Tambaya cikin hayaƙi da bakinsa a buɗe.

A Bungudu, daidai inda ake sauka daga kwalta a hau burji, akwai Inna Uwa mai ƙosai. A da Labbo yakan sauka ya durƙusa, ta tambaye shi uwarsa, don tare suka yi 'yanmatanci. Yanzu ta taga yake miƙa hannu.

"Inna, ƙosai, da sauri."

"Labbo ɗan Habiba! Ina kwana? Ya tsohuwa?"

"Lahiya. Ki ƙara yaji."

Tana naɗe ƙosan tana dubansa, tana duban lodin. "Ina gajiya? Wanga kaya duka ina za shi?"

Ya karɓe ƙunshin ya ja mota. Ya ji ta tana kiran sunansa a baya, ya girgiza kai. Tsofaffin nan, in ka biye musu sai ka yi azahar a gindin kasko.

Bai yi nisa a burjin ba ya hango motar Sama'ila tana tahowa. Sama'ila direba ne a tasharsu, mai sanyin jiki, wanda Labbo ke kafa misali da shi in yana zagin lalaci. Abin da ya ba Labbo dariya shi ne motar Sama'ila cike take da kaya, tamfol ɗinta ma ba a kwance ba. Wato mutum ya tafi kai kaya ya komo da su. Ko mantuwa ya yi, ko kuwa bai gama gaida mutanen Bungudu ba ne ya koma ya ƙarasa?

Sama'ila ya ɗaga hannu ya tsaya. Hanyar matsattsiya ce, dole Labbo ya rage gudu, taga ta zo daidai taga.

"Sama'ila, ya hanya?"

"Hanya lahiya lau, Alhamdulillahi. Ina kwana, Labbo? Ya kwanan..."

Labbo ya ji abin da yake so ya ji. Ya taka totur. A madubi ya ga Sama'ila ya fito da rabin jikinsa ta taga yana kaɗa hannu biyu. "Ji sakarai," in ji Labbo, bakinsa cike da ƙosai, "har yanzu gaisuwa yake." Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, Sama'ila ne. Ya mayar da ita. Ta sake ƙara, Malam Tambaya. Ya yi tsaki. Mai kwat ya faɗa, waya ƙanwar ɓarawo ce.

Kafin Tungar Yakubu akwai rafi. Ba gada a kansa, sai wani daɓen siminti da aka shimfiɗa a mashigin, ruwa na bi ta samansa. Da damina ruwan kan rufe daɓen, ja wur, ba ka ganin ƙasa, amma kowa ya san iyakarsa rabin taya. Labbo ya haye shi ya fi a ƙirga. Da ya iso ya ga ruwan kamar kullum, ko ya ɗan fi kaɗan. Abin da bai gani ba shi ne ruwan da aka kwana ana yi a yamma ya zo da asuba ya kwashe tsakiyar daɓen, ya bar rami.

A tsallake akwai mutane tsaitsaye da kekuna da babura. Da suka ga mota ta nufo ruwa sai suka hau ɗaga hannuwa suna ihu. Injin na ruri, Labbo bai ji me suke cewa ba. Ya ɗauka mutanen ƙauye ne da son gaisuwarsu. Ya ɗaga musu yatsa ɗaya, ya sa giya ya shiga.

Tayoyin gaba suka yi tafiya kaɗan a kan siminti, sannan suka rasa abin takawa. Motar ta sunkuyar da kai, ta yi wani nishi, ta kwanta a gefenta a hankali kamar saniyar da ta ƙoshi. Igiya ta tsinke. Buhuna suka bi juna cikin ruwa. Keken Zainabu ya yi tsalle ɗaya ya nutse.

Labbo ya fito ta taga, ruwa iya ƙirji, da guntun ƙosai a kumatu. Ya rarumi buhun sukari ya rungume, yana ji buhun na ramewa a hannunsa har ya zama tsumma. Takin ma haka, ya yi fari a saman ruwa ya bi rafi.

Samarin ƙauyen suka shigo suka jawo shi gaɓa, suka tsamo abin da ke tsamuwa. Ya zauna a kan dutse yana ɗiga. Wani tsoho ya dogaro sanda ya zo ya tsaya a kansa.

"Sannu direba. Ina kwana?"

Labbo ya ɗaga kai. Motarsa na kwance a rafi, tayoyi biyu a sama. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Lahiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"To madalla. Ba ka gamu da Sama'ila ba? Shi munka ce shi tare duk wanda ya gani."



Sama'ilan ne ma ya biyo shi, shi ya je ya nemo tarakta. Sai bayan la'asar aka jawo motar, ruwa na zuba daga kowace kafa tata, aka ɗaure ta a bayan wata babbar mota zuwa Gusau. Duk tsawon hanyar Sama'ila bai ce masa komai ba sai sannu, kuma sannun nan ta fi zagi ciwo.

Rana na shirin faɗuwa ya isa gidan Hajiya Saude, rigarsa ta bushe da jan laka. Ta riga ta ji, don labari ya riga shi ta bakin mutanen da ke tsayawa su gaisa. Tana kan tabarmarta. Bashiru na tsaye a bakin ƙofa, ya yi wanka ya sa hula.

"Labbo, ina wuni?"

"Lahiya lau, Hajiya."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya Mansura? Ya bayan tsoho?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi."

Ta yi shiru. Labbo ya san abin da ke bayan shirun nan, sai ya yi maza ya cike shi. Ya tambaye ta ƙafarta da ke ciwo. Ya tambayi 'yarta da ke aure a Tsafe, da jikokin, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda bai san sunansa ba. Ya tambayi kasuwar atamfa, ya tambayi tumakin da ke bayan gida. Ya koma ya ce ina gajiya. A rayuwarsa bai taɓa yin gaisuwa mai tsawon wannan ba. Hajiya ta amsa masa duka, ba ta katse shi ba, har ya rasa wanda zai tambaya.

Sannan ta gyara murya.

"Sai dai hwa, Labbo, ba sai damina ta wuce ba."

Bashiru ya matso ya miƙa hannu. Labbo ya lalubo makullin daga aljihu, da laka a jikinsa, ya ajiye masa.

Abin da aka rasa a mashigin Tungar Yakubu ranar: takin zamani buhu goma sha takwas, sukari buhu shida, gishiri buhu huɗu, taliya katan tara, keken ɗinki ɗaya, tamfol ɗaya, injin mota ɗaya da ya sha ruwa, takalmi ƙafa ɗaya, waya ɗaya da mai kwat a cikinta, da makulli ɗaya.